Ruwan Da Ya Riƙe Monday

Sabon Tasha, Kaduna
Farkon Fabrairu

'Yata Scholastica,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Yesu Ubangijinmu. Yaya karatu, yaya sanyin Masar da kika ce yana shiga har ƙashi? Mu nan mun gode Allah. Ciwon gwiwar Baban Monday ya sake tashi, amma bai hana shi hawa mota zuwa Kakau duba rumbun doyarsa ba. Ni kuma hawan jinin ya sauka, ina shan maganin yadda kika ce. Na yi magana da ƙanwata, mamanki, a Shendam. Lafiyarta ƙalau, sai ƙorafin ba kya kiranta.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. In na ji muryarki a waya kuka ne yake riga ni, sai mu rabu ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, in ɗauki hoton takardar in tura miki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a firamare na tsaya.

Sikola, wane irin hoto ne wannan kika sa a waya? Baƙaƙen kaya sun matse ki, silinda a bayanki kamar ta girki, ƙafafu kamar na agwagwa. Na nuna wa Mama Lizzy, maƙwabciyata a kasuwa, ta ce, "Paulina, wannan ba 'yarki ba ce, 'yar ruwa ce ta ari fuskarta." Muka yi ta dariya har mai sayen gero ya gaji da jira ya wuce. Rabon da in yi dariya haka tun damina. Karatun haɗa magunguna muka tura ki, me ya kai ki cikin ruwa? Ki gaya mini komai.

Maganar gida kuwa tana nan inda kika bar ta. Tun da kwale-kwale ya kife da su Monday a kogin Kaduna, masunta suka ciro sauran, shi ba a gan shi ba har yau. Baban Monday da Fada suna so a yi masa Mas ɗin jana'iza a coci haka nan, da hotonsa kawai. Na ce a'a. Ban haifi hoto ba, ba zan binne hoto ba. Sai an kawo mini ɗana.

Allah ya tsare ki.
Mamanki, Maman Monday

Iskandariyya, Masar
Tsakiyar Fabrairu

Mama,

Na gaishe ki da kyau, da Baba. Ki ce masa in ya ci gaba da wahalar da gwiwar nan, ni da kaina zan zo in ɓoye masa takalma. Ni lafiya lau, sai mura da ta kama ni ta sake ni. Ki gaida Mama Lizzy, ki ce mata 'yar ruwa tana gaisuwa.

Mama, nutso na koya! Da aka ba mu hutu, ni da Debby, 'yar Jos ɗin nan da muke ɗaki ɗaya, muka tafi bakin Bahar Maliya. Eh, ita dai, wadda Musa ya raba. A can ana koya wa mutane shiga ƙarƙashin ruwa don nishaɗi kawai, a je a kalli abin da Allah ya ajiye a dawo. Silindar da kika gani iska ce a ciki, da tiyo mai abin cizawa a baki, sai ki yi ta numfashi kamar kina zaune a tsakar gida.

Ba a teku aka fara mana ba, a wurin iyo na otel ne. Malaminmu ya sa muka durƙusa a ƙasan ruwa kamar masu addu'a, ya ce mu cire tabarau mu mayar, mu cire abin bakin mu mayar. Ranar farko na sha ruwa har na ƙoshi. Debby ta ce, "Da na san ƙishi ne ya kawo ki, da na saya miki na leda mun huta." Dokokin ba su da yawa amma ba a wasa da su. Ba a riƙe numfashi. Ba a tasowa da sauri. Kuma ba a shiga mutum ɗaya, dole kina da abokiya kusa, kina ganinta tana ganinki.

Sai ranar da muka shiga tekun. Mama, ban san yadda zan faɗa miki ba. Ruwan garai-garai yake, daga saman jirgi kina hango yashin ƙasa. Kifaye kuwa kamar 'yan Zumuntar Mata ranar babban taro, kowa da irin atamfarta, rawaya da shuɗi da ja, suna wuce ki ba ko gaisuwa. Na ga kunkurun ruwa ya kai girman bahon wankinki. Na yi ihu a cikin tiyo, kumfa kawai ta fito. Da Monday yana nan da ya kashe ni da tsiya, ni da ko rafin Kakau sai ya goya ni muke ƙetarewa.

Kada ki damu, da tsari ake yi. Ba sa bari ki hau jirgi sai kin nuna inshora ta nutso, domin ta makaranta ba ta ɗaukar wannan. In mutum ya taso da gaggawa, iska tana tashi a jininsa kamar kwalbar lemo da aka girgiza, sai an sa shi a wani ɗakin ƙarfe a asibiti. Inshorar ce take ɗaukar nauyin hakan. Na yi, katin yana wurina.

Yanzu kuma ina da katin shaida. An yarda mini in sauka zurfin da ya kai tsayin bene mai hawa shida, kuma iskar tana kai ni kusan awa guda. A shigarmu ta ƙarshe ma har na tsinto wa wani Bature tabaraunsa da ya suɓuce daga jirgi, ya yi ta godiya kamar na ba shi mata.

Ina kewarku.
'Yarki, Sikola

Sabon Tasha
Ƙarshen Fabrairu

Sikola 'yata, 'yar albarka,

Salama. Muna lafiya, na san ke ma haka. Yau ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba.

Na karanta takardarki har na haddace ta. Kusan awa guda a ƙarƙashin ruwa! Sikola, kin san abin da kika faɗa kuwa? Lokacin da ake neman Monday ina tsaye a bakin kogi. Masuntan nan da numfashi ɗaya suke shiga, kafin ki gama addu'ar Ubanmu Wanda Ke Cikin Sama sun taso, ido jawur. Babbansu, Malam Garba, ya ce mini, "Mama, akwai wani gurbi a ƙarƙashin duwatsu, can nake zato. Amma numfashin ɗan Adam ba ya kaiwa." Maganar nan ta zauna mini a ƙirji tun ranar. Yau ga shi Allah ya ba 'yar gidana numfashi a silinda.

Kin ce wai don nishaɗi kika koya. Ni za ki gaya wa? Ni na raine ki tun kina aji ɗaya na sakandare, na san kunyarki. Wa yake shiga ƙarƙashin ruwa don kallon kifi, kifin da yake cike da kasuwa? A ƙasar nan ba a nutso sai an je ɗauko wani abu. Kin je kin koya a ɓoye saboda ɗan'uwanki, kina jin nauyin faɗa kada in sa rai. Har kika gwada hannunki da tabarau ɗin Bature. Na gane, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki.

Ga yadda za a yi. Yanzu rani ne, kogi ya ja baya, duwatsu duk sun fito. Ki zo hutun Ista kafin ruwan sama ya sauka. Inda kika sauka bene hawa shida, wannan ai wasa ne a wurinki. Ga kuma inshora kin ce kina da ita, to me ya rage?

Tambaya ɗaya, kada ki yi dariya. Da kika shiga Bahar Maliya, ba ki ga ko ƙafar karusar Fir'auna ɗaya ba? Mama Lizzy ce ta ce in tambaya, amma ni ma ina so in sani.

Ina jiran amsarki.
Mamanki

Sabon Tasha
Tsakiyar Maris, cikin azumi

Sikola,

Gaisuwa da fatan alheri. Shiru na ji, na ce ko jarrabawa ce ta riƙe ki. Na ga alamar kin buɗe saƙon, to hankalina a kwance yake. Ki ci abinci, kada karatu ya ramar da ke, aikin da ke gabanki yana son ƙarfi.

Ban iya riƙe bakina ba. Ranar Alhamis a Zumunta na tashi na ba da shaida. Sikola, da kin ga coci! Aka buga tulu, aka kaɗa kacau-kacau, mata suka zagaye ni da rawa, azumi ko ba azumi ba. Tun daga ranar kuma ban huta ba. Vicky ta Gonin Gora ta zo har gida, wai babur ɗin mijinta da ambaliya ta tafi da shi, in kin shiga ki ɗan duba mata. Mama Lizzy ta ce ita guganta ne kawai a rijiya, ba zai ɗauke ki minti biyu ba. Na ce musu duk su bi layi, 'yata aiki ɗaya ya kawo ta.

Na je wurin Malam Garba. Ya ɗauke ni a kwale-kwale, ni da na rantse ba zan sake kallon kogin nan ba. Ya zura gora a gurbin, ko bene hawa biyu bai kai ba. Ya ce zai kai ki da kansa. Bai yi murna yadda na zata ba, sai kallon ruwa yake yi, amma kin san su ba su da yawan magana.

Na sayi farin yadi. Na yi wa kafinta magana ya haɗa ƙaramin akwati, don na san ba yadda ya tafi zai dawo ba, ni ba yarinya ba ce. Ko ƙashi ɗaya ne, nawa ne. Baban Monday ya dubi yadin ya fita waje.

Ki gaya mini ranar da jirginki zai sauka. Zan yi miki gwate da yakuwa irin wanda kike so.

Mamanki

Iskandariyya
Ƙarshen Maris

Mama,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Lafiyata lau, kuma ba jarrabawa ce ta hana ni rubutu ba. Na fara takardar nan na yaga ban san iyaka ba. Ki yafe mini.

Mama, gaskiya don nishaɗi na koya. Ban yi tunanin kogi ba ko kaɗan, sai da na karanta takardarki, na zauna a ƙasa na yi kuka. Amma na ce tunda kin sa rai, bari in gwada.

Na fassara wa malaminmu abin da kika rubuta. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce katina na ruwa mai haske ne, marar gudu, da abokiya a gefe. Ya ce neman mutum a kogi wani aiki ne dabam, masu yin sa shekaru suke yi suna koyo, kuma ba zurfi ne yake kashewa a kogi ba. Ruwa mai ja ne, da tsofaffin taru, da rassan itace da suke kama tiyo, da ramukan masu haƙar yashi. Ya kuma ce bayan damina guda ba lallai abin da aka bari a gurbi yana nan ba. Na yi masa gardama. Ya ce to in shiga tashar jiragen ruwa ta nan Iskandariyya bayan an yi iska, in ga yadda ruwa mai laka yake.

Muka shiga ni da Debby da wani malami. Mama, na ɗaga hannuna a gaban fuskata ban gan shi ba. Ban san sama ba, ban san ƙasa ba. Wani abu ya taɓa ƙafata, na manta duk abin da aka koya mini, na yunƙura zan tashi da gudu. Debby ce ta damƙe hannuna ta riƙe ni har numfashina ya dawo. Da na natsu sai na ji wurin shiru, shirun da ban taɓa jin irinsa ba, ruwan yana ɗan lilo da mu a hankali. Amma da ba ta nan, da yanzu ina ɗakin ƙarfen nan, ko abin da ya fi haka. Kuma wannan ruwan ba ya gudu. Na Kaduna yana gudu ko da rani.

Na tambayi masu inshora. Sun ce tasu ta nutson nishaɗi ce, ba ruwansu da neman gawa a kogi. Ban ma san inda ɗakin ƙarfe mafi kusa da Kaduna yake ba.

Duk da haka ba zan iya ce miki a'a ba. Kin sayi yadi. Monday ya goya ni a bayansa, ni ma zan gwada ɗauko shi. Na sami wanda zai ba ni aron silinda a Legas. Debby ba za ta samu zuwa ba, don haka sai a ɗaura mini igiya a ƙugu, wani ya riƙe daga kwale-kwale. Zan sauka Laraba kafin Ista.

Abu ɗaya na gyara. A bayan katin inshorar akwai wurin sunan wanda za a kira in wani abu ya faru. Da sunan mamata ne a wurin. Na sa naki da lambarki, tunda ke za ki fi kusa.

Ban ga karusar Fir'auna ba. Ki ba Mama Lizzy haƙuri.

'Yarki, Sikola

Sabon Tasha
Ranar da takardarki ta zo

Scholastica,

Muna lafiya. Ki saurare ni da kyau.

Ki goge sunana daga katin nan. Ki kira mutumin Legas ki ce ya riƙe silindarsa. In kika taho da ko takalmin agwagwa ɗaya a jakarki, a murhu zan sa shi. Ba za ki shiga kogin nan ba, ko da igiya, ko da sarƙa.

An kira ni sau ɗaya. Ina kasuwa ina auna wa wata mata wake, waya ta yi ƙara, wani da ban sani ba ya ce, "Ke ce Maman Monday?" Har yau ban san ko matar ta tafi da wakenta ba. Wannan kiran ba za a sake yi mini shi ba, kuma ba ni zan ɗauki waya in yi wa ƙanwata shi a Shendam ba. Da na kai wurin sunan nan a takardarki sai na ga kaina a bakin kogi, igiya tana shiga ruwa, ina jira. Na riga na yi wannan jiran, Sikola.

Kin faɗa mini gaskiya tun farko, kin ce nishaɗi. Ni ce na karanta abin da zuciyata take so. Kada ki ƙara kuka a kan wannan.

Na rufe rumfa na tafi wurin Malam Garba na ce an fasa. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Na ce, "Malam, dama ba ka so ba?" Ya ce, "Ina da 'ya kamarta. Amma ba a tare uwa a hanyar ɗanta, sai ta tsaya da kanta." Ya ba ni kifi biyu, ya ƙi karɓar komai.

Daga nan na wuce gidan Fada. An sa Mas ɗin Monday ranar Asabar bayan Ista. Da na dawo na gaya wa Baban Monday, mutumin nan da bai zubar da hawaye a gabana ba tun damina, sai ya rufe fuska da hularsa. Na zauna kusa da shi har ya gama. Kafinta na ce ya mai da katakon benci, a kai coci. Farin yadin za a shimfiɗa a kan tebur a ɗora hotonsa. Na zaɓi wanda yake dariya da rigar ƙwallo, Fada ya ce ba laifi.

Abu ɗaya na riƙe a takardarki. Kin ce can ƙasa shiru ne, ruwa yana lilo da mutum a hankali. Ban sani ba. Ni kullum in na tuna shi ƙarar ruwa nake ji da ihu. Na gode da kika shiga wannan duhun kika dawo kika gaya mini. Ya isa.

Yanzu ki zo! Ki zo Larabar nan yadda kika shirya, ɗakinki na nan na share. 'Yan Zumunta sun ji an fasa, Vicky ta ɗan ɓata rai saboda babur, amma duk sun ce za su yi girki. Sun ce lallai ki taho da hotunan kifayen nan masu atamfa, a nuna a babbar waya kowa ya gani, ni ce zan zauna a gaba. In kin koma kuma ki ci gaba da shiga tekunki mai haske, ke da Debby. Ki gaishe ta, ki ce na gode da hannun da ta riƙe.

Ke za ki yi karatu na farko a Mas ɗin, na riga na gaya wa Fada. Na yanko mana atamfa iri ɗaya, ni da ke da mamanki. Tela yana jira, ki aiko da awonki kafin Lahadi, kuma ki auna da gaske, kada ki rage.

Mamanki,
Paulina, Maman Monday